Abubuwan da ya kamata ka sani game da su da koton ƙarfe

Kawuna ɗan Wudil ne, a bakin kogi ya tashi, amma yau shekararsa talatin da ɗoriya yana sayar da madara da sukari da kifin gwangwani a kan sari a Kasuwar Singa. Ɗansa da ke karatu a Turai ya san har gobe zuciyar tsohon tana wurin fatsa, sai ya aiko masa da tsaraba: wani ɗan kwali mai fuskar leda, a ciki ƙarafuna shida masu walƙiya, kowanne da ƙugiya mai baki uku a gindinsa, an lulluɓe ta da gashi ja ko baƙi. A jikin kwalin akwai hoton wani kifi mai ɗige-ɗige wanda ba wanda ya taɓa ganin irinsa a cikinmu. Ranar da na je gaishe shi ana tsaka da sauke kaya daga tirela, 'yan dako na ta "hanya, hanya", ya ja ni cikin shago ya zazzage su a kan buhun sukari.

"Ɗana, kai da ka yi boko, duba min. A ina ake soka tanar?"

Na ce, "Kawu, ai ba a sa masa tana. Shi ne tanar, shi ne ƙugiyar."

Ya daɗe yana juya ɗaya a tafin hannunsa, sannan ya ce shi dai tunda yake bai taɓa jin kifin da ke cin ƙarfe ba. Maganar tasa ce ta sa na bi diddigin abin, kuma na tarar yana da amfani a ruwanmu fiye da yadda hoton kwalin ya nuna.

Wane kifi ne a jikin kwalin?

Turawa na kiransa tirawut. Iri biyu suka fi shahara. Akwai mai ruwan ƙasa, wanda asalinsa Turai ne da yammacin Asiya da duwatsun Atlas na Maroko. Akwai kuma mai ratsin bakan gizo a gefe, wanda asalinsa kogunan da ke zuba a arewacin Tekun Fasifik ne. Dukansu kifayen ruwan sanyi ne mai gudu, garai-garai, irin wanda ke gangarowa daga kan dutse kana ganin tsakuwar ƙasansa.

Ba za ka same shi a Kano ba, kuma dalilin zafi ne. Tirawut ya fi walwala a ruwan da sanyinsa ke tsakanin digiri 10 zuwa 16. Da zarar ya haura 20 kifin ya fara galabaita, wajen 25 kuwa mutuwa ce. Ruwa yana riƙe iskar oksijin da yawa ne idan yana da sanyi: lita ɗaya a digiri 10 tana iya ɗaukar kusan miligiram 11, a digiri 30 kuwa bai fi 7 da rabi ba. Ruwan dam ɗinmu a bazara yana kaiwa kusan 30. Kifayenmu an halicce su daidai da wannan. Ka je kasuwar kifi ta Galadima ka ga tarwaɗa a cikin baho da ɗan ruwa iya bayanta, tun safe har la'asar tana motsi, domin tana da wata gaɓa a bayan kai da take shaƙar iskar sama da ita. Gaiwa kuwa takan binne kanta a taɓo ta cinye rani tana jiran damina. Tirawut ba zai kai ko'ina ba a irin wannan hali.

A Afirka, inda ya zauna sai kan tudu. Turawan mulkin mallaka sun kai shi Kenya a 1905 suka zuba a kogin Gura da ke duwatsun Abadaya, sun kuma kai shi Afirka ta Kudu tun shekarun 1890, daga nan ya shiga kogunan Lesoto. Bai zo da alheri zalla ba. A wurare da dama ya cinye ƙananan kifayen da ya tarar, har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa nau'o'in nan biyu a jerin baƙin halittu 100 mafi ɓarna. Don haka ni ban ga abin da za mu yi kwaɗayi a kifin kansa ba. Dabarar kama shi ce abin ɗauka.

Yadda aka ƙera koton

Ɗauki ɗaya ka duba da kyau. Ƙashin bayansa waya ce miƙaƙƙiya mai tauri, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba, an lanƙwasa bakinta na sama ya zama zobe inda ake ɗaura zare. A ƙasa da zoben akwai wani ɗan ƙarfe mai siffar kofaton doki da aka zura a wayar, shi ke riƙe da fallen ƙarfe mai ɗan zurfi kamar bakin cokalin shayi. Ƙasa da shi kuma ƙwayoyin tagulla ne a jere kamar na carbi, su ke ba abin nauyin da za a iya jefa shi. Daga ƙarshe sai ƙugiya. Idan aka ja shi cikin ruwa, ruwan yana dukan fallen, sai ya riƙa kewaya wayar kamar farfela. Saboda wannan juyi Turawa ke ce masa sifina.

Gashin da ke jikin ƙugiyar daga wata tsohuwar sana'a ya fito, wato su da ƙwaron jabu. Wajen shekara ta 200 Miladiyya wani marubucin Rum mai suna Aelian ya ba da labarin mutanen Makidoniya da ke naɗa jan ulu da gashin zakara a ƙugiya su kama kifi mai ɗige-ɗige a koginsu. Tirawut macin ƙwari ne, kuma akwai lokacin da wasu ƙwari masu fiffike ke fitowa daga ruwa su yi aure a sama su faɗo kan ruwan da yawa, kifi ya yi ta wawaso. Duk wanda ya ga yadda kifi ke tasowa idan shinge ya faɗa ruwa a farkon damina ya san wannan hoto. Abin da aka aiko wa kawu auren dabarun nan biyu ne: falle mai juyawa a gaba yana kiran kifi daga nesa, gashi a baya yana ɓoye ƙugiya, yana kuma ba kifin abin da zai kai wa baki idan ya matso.

Siffar fallen tana da magana. Mai faɗi, kewayayye, yana juyawa ko da jan a hankali ne, yana buɗewa nesa da wayar, bugunsa a ruwa ya fi ƙarfi, shi ya sa ya fi dacewa da ruwa marar zurfi ko mai ɗan duhu. Siriri mai kama da ganyen turare yana manne wa wayar, yana son ja da sauri, yana nitsewa ƙasa, walƙiyarsa ta fi bugunsa. Girma kuma da lamba ake faɗa. A samfurin Aglia na kamfanin Mepps, lamba 1 giram 3 da rabi ce, lamba 3 giram 6 da rabi, lamba 5 kuma giram 13. Masu neman tirawut ba su cika wuce lamba 2 ba.

Me ya sa kifi ke cafke ƙarfe?

Nan ne tambayar kawu take. Kifi ba da ido kaɗai yake farauta ba. Idan ka kwantar da karfasa a faranti za ka ga wani layi siriri ya bi gefenta daga kai zuwa wajen wutsiya. A ƙarƙashin layin nan akwai ƙananan gaɓoɓi da ke jin motsin ruwa da girgizarsa, kamar yadda kake jin wucewar tirela a ƙirjinka tun kafin ka waiwaya. Ƙaramin kifin da ya ji rauni yana iyo a karkace, cikinsa fari yana ƙyalli, yana aika wata irin girgiza. Fallen da ke juyawa yana aika mai kama da ita. Babban kifi mafarauci ba shi da lokacin tsayawa bincike, domin idan ya yi nawa abincin ya wuce ko wani ya riga shi. Hannu kuma ba shi da shi, da baki yake taɓa duk abin da yake son sani. Wani lokaci ma ba yunwa ce ke sa shi kai cafka ba, fushi ne na ganin baƙon abu ya ratso wurin da yake tsaro. Hausawa sun riga sun faɗa, kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wannan ne kuma ya raba shi da tana ko ƙullin tuwo. Tana tana zaune wuri ɗaya tana jiran kifi ya shinshino ta. Koton ƙarfe ba shi da wari ko ɗanɗano, ransa duk a motsi yake. Ka daina ja, ya koma guntun ƙarfe ya nitse.

Waɗanda suka fito da shi

A Amurka wani mai suna Julio Buel ya yi rajistar koto mai siffar cokali a 1852. Sifina irin wanda aka fi sani yau kuwa injiniyan Faransa André Meulnart ne ya ƙera shi a 1938, shi ne tushen Mepps. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga Amurka, inda wani mai shagon kayan wasanni a garin Antigo na jihar Wiskonsin, Todd Sheldon, ya gwada shi a 1951 ya ga aikinsa, daga baya iyalinsa suka mallaki kamfanin. Shekaru da dama kamfanin yana sayen wutsiyar kurege daga hannun maharba don yi wa ƙugiyoyinsa gashi.

Amma labarin da ya fi shiga raina na Lauri Rapala ne, wani talakan masunci a ƙasar Finlan. A 1936 ya lura cewa manyan kifaye a tafkin Payanne sukan ware ƙaramin kifin da ke iyo a karkace su bi shi. Sai ya sassaƙa toshiyar kwalba da wuƙa ta yi siffar kifi, ya naɗe ta da takardar gwangwani mai ƙyalli ta cakulan, ya narka tsohon fim ɗin hoto ya shafe ta don kada ruwa ya shiga. Yau sunansa yana kan kayan su a ƙasashe da yawa. Ina wannan karatu ina tuna tulin gwangwanaye da takardun alawa da ake sharewa kullum daga lungunan Singa.

Yadda ake jefawa

Fatsar gora da zare ɗaure a baki ba za ta yi ba, sai da sanda mai ɗan lanƙwasa da abin naɗe zare a gindinta. Wanda ya san kwarkwaron keken ɗinki ya fahimci abin, kuma a kasuwar da ta samo sunanta daga kamfanin kekunan ɗinki na Singer ba sai an yi dogon bayani ba. Ka buɗe kwarkwaro, ka wurga, nauyin koton ya ja zare ya tafi. Ka rufe, ka fara naɗewa.

A ruwa mai gudu kifi yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, don daga can abinci ke zuwa. Saboda haka masu tirawut kan tsaya a bayansa su jefa sama ko a karkace, su jawo koton ya biyo ruwa ya wuce ta gaban hancinsa. Ba tsakiyar gudun ruwa ake nema ba. Ana neman bayan babban dutse, ƙarƙashin gaɓar da ruwa ya ƙwaƙule, gindin itacen da ya faɗi, da inda ruwa mai sauri ya haɗu da mai sanyin tafiya, wuraren da kifi ke laɓewa ba tare da ya gaji ba. A dam kuwa sai bakin rafin da ke shigowa, da gefen ciyawa, da kan duwatsun da ruwa ya rufe.

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne gaggawa. Ja daidai yadda fallen zai juya, kada ka ƙara. Za ka ji shi a hannunka, wani ɗan kaɗawa a jikin sandar kamar bugun jijiya. Idan kaɗawar ta tsaya, ko ciyawa ta naɗe shi ko kifi ya ɗauka. Idan kana son ya yi ƙasa, bari ya nitse kana ƙirge a zuci kafin ka fara ja, ka riƙa ƙara ƙirgen har ka gano zurfin da kifi yake. Sannan juyin nan yana murɗe zare har ya cukurkuɗe, don haka a sa ɗan mahaɗi mai juyawa tsakanin zare da koto. Launi kuma: fari kamar azurfa a ruwa mai haske, ruwan zinariya ko jan ƙarfe a ruwan da ya ɗan gurɓace. Kuma ka kiyaye inuwarka da takunka a bakin gaɓa. Kifi na ganinka, mai jar koma.

A ruwanmu, wa zai kai masa baki?

Na farko tsage. Kusan a ce don shi aka yi abin. Kifi ne mai gudu, mai farauta da ido, mai haƙora a waje masu shiga tsakanin juna, kuma duk abin da ya yi ƙyalli ya gifta sai ya bi. A kogin Zambezi da tafkin Kariba, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, ɗan'uwansa ne ake kamawa da sifina da cokali, har gasa ake yi a Kariba tun 1962. Namu yana cikin Neja da Binuwai da tafkin Kainji da kogunan da ke gangarawa tafkin Chadi. Sai dai kayan tirawut yadda suka zo ba za su iya da shi ba. Haƙoransa na datse zaren roba nan take, dole a sa guntuwar waya kamar taƙi ɗaya kafin koton. Bakinsa ƙashi ne, yana kuma tsalle sama yana girgiza kai, shi ya sa gogaggu kan cire ƙugiya mai baki uku su sa guda ɗaya mai ƙarfi da kaifi. Lamba 4 ko 5 ta fi dacewa da shi.

Na biyu giwan ruwa, wanda masuntan dam ɗin Tiga da na Kainji suka sani, kuma shi ne kifin da ake alfahari da shi a gasar Argungu. Yana iya haura kilo 100. Ƙananansa za su ɗauki sifina, manyan kuwa sai koto mai girman tafin hannu da zare mai kauri, da asuba ko gab da magariba, a gindin duwatsu. A kogin Faro na Kamaru, wanda ke zuba a Binuwai daf da iyakar Adamawa, baƙi na biyan kuɗi masu yawa su zo daga Turai da Afirka ta Kudu don su kama giwan ruwa da tsage da ƙwaron jabu. Kifin da muke gani a bakin hanya ana yankawa, wasu jirgi suke hawa don su gan shi.

Kawara da tufi su ma sukan bi ƙaramin sifina. Karfasa macin ciyawa da gansakuka ce, sai jefi-jefi, yawanci lokacin da take gadin ramin ƙwanta. Tarwaɗa da kurungu kuwa da gashin baki da hanci suke kiwo a ƙasan ruwa cikin duhu, ga su tana da hanjin kaza sun fi kowane ƙarfe.

Inda ba zai yi ba

Da damina, lokacin da Challawa da kogin Kano suka zama ruwan kunu, kifi ba ya ganin walƙiya, aikin sai ya ragu ƙwarai. Lokacinsa daga kaka ne zuwa bazara, bayan laka ta kwanta. Wurin da kainuwa ko kachala ta rufe kuwa asarar koto kawai za ka yi.

Kada kuma a ruɗi masunci. Wanda ke ciyar da gida da kalli da birgi da gura ba zai ajiye su ya koma kama kifi ɗaya-ɗaya ba, kuma bai kamata a ce masa ya yi ba. Wannan dabara ƙari ce: hanya ce ta samun babban kifi mai tsada wanda ke yaga raga, ko abin yi ga ɗan birni ranar hutu.

Me ya sa abin ya dame ni

Ka tsaya a Singa ka ƙirga katan-katan na kifin sadin da ke sauka, yawancinsu daga Maroko, ka ƙara da kifin ƙanƙara da ke zuwa daga Legas cikin manyan motocin sanyi. Alƙaluman da jami'an gwamnatin tarayya suka saba bayarwa sun ce Najeriya na buƙatar kusan tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, abin da take samarwa kuwa bai kai rabin haka ba. Alhali Kano na da Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 178, ga dam ɗin Challawa a Ƙaraye na 1992, ga Bagauda, ga Watari, ga Tomas.

Abin da ke cin waɗannan ruwaye ba ɓoyayye ba ne. Akwai masu jan gidan sauro a bakin gaɓa su kwashe 'ya'yan kifi da ba su kai ɗan yatsa ba. Akwai masu zuba guba, irin su Gamalin, su kashe babba da yaro. Dokar su ta cikin ƙasa ta 1992 ta hana guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana raga mai ido ƙasa da milimita 76 sai a wasu keɓaɓɓun hali, amma doka a takarda take idan ba mai sa ido. Koton ƙarfe ba zai cike wancan gibi na miliyoyin tan ba. Abin da ya burge ni da shi shi ne yana zaɓe. Ba ya taɓa ƙwai, ba ya taɓa 'ya'ya, kifin da ya isa farauta kaɗai ke ɗaukarsa, kuma tunda a leɓe yakan kama, idan ƙarami ne ko mai ƙwai kana iya zare ƙugiyar ka mayar da shi da ransa. Saurayin da ya koyi karanta ruwa ta wannan hanya, ya san inda tsage ke laɓewa da watan da ruwa ke washewa, da wuya ya yi shiru yana kallo a zuba wa wurin guba.

Kuma ba dole sai an aiko daga Turai ba. Garin da maƙeransa ke mayar da gwangwanin madara fitilar aci-balbal da mazurari ba zai kasa yanka falle ba. Murfin gwangwani ko tsohon cokali, wayar sifok ɗin keke, ƙwayoyin tagulla, ƙugiya daga kasuwar Sabon Gari, da gashin zabo ko na zakara daga wurin masu fige kaji. Abin da ke buƙatar hannu shi ne zurfin fallen da daidaiton ramin da aka huda, don idan ya karkace ba zai juya ba. A gwada a cikin kwatami ko dogon baho kafin a kai shi kogi.

Kafin ka kama hanya

Tiga na da nisan kusan kilomita 70 kudu da birni. Idan ka isa, fara da gaisuwa. Kowane ruwa da masu shi, ka nemi Sarkin Ruwa ko dattawan masunta ka faɗi abin da ya kawo ka, ka tambayi inda aka shimfiɗa kalli don kada ƙugiyarka ta yaga wa wani abincinsa. Su ne kuma za su gaya maka inda ke da rami da inda ba a shiga. Kada ka tsaya cikin ruwan gaɓa mai ciyawa da ƙafa tsirara, nan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya yake. Idan kwalekwale za ka hau, sa rigar ruwa. Ka guji su a inda ruwan masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa ke zuba, haka ma Jakara. Ka duba bayanka kafin kowace jifa, domin yara kan taru, kuma ƙugiya mai baki uku ba ta fita daga fata da sauƙi. Matse ɗan haƙorin ƙugiyar da filaya yana rage wannan haɗari.

Kawu ya ba wani maƙeri biyu daga cikin shidan ya kwaikwaya, ya ce a yi masa manya, a sa waya. Sauran huɗun suna cikin aljihun teburinsa tare da rasit-rasit. Da na koma ya ce min, "Ɗana, bari ruwa ya kwanta. Bayan kaka za mu rufe shago ranar wata Lahadi mu je Wudil, in nuna maka dutsen da nake zama ina yaro. Akwai tsage a wurin."